Taiwo Ajai-Lycett: Tuntuɓe Gushin Gaba

Duk wanda ya daɗe a Ikko yana kallon telebijin, da wuya a ce bai san fuskar Taiwo Ajai-Lycett ba, ko da a wasan nan na Tinsel. Amma kaɗan ne suka san hanyar da ta biyo.

An haife ta a Ikko ran 3 ga Fabrairu, 1941. Tana da shekara 15 ta haihu, makaranta ta katse. Ga mutane da yawa, nan ne ƙarshen zancenta. Ita kuwa sai ta haye Ingila, ta kama aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan shayi na Landan, tana haɗawa da karatu.

A 1966 ta fara hawa dandali, a gidan wasa na Royal Court, cikin wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel. Ba ta ruɗu da tafi ba, ta shiga makarantar Guildhall ta koyi sana'ar sosai. A 1973 ta fito a silima tare da Sidney Poitier cikin A Warm December. Ita ce editar farko ta mujallar Africa Woman. Daga baya ta komo gida da abin da ta koyo, kuma a 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar girma ta OON.

To, a nan akwai abin lura ga 'yan Arewa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabon Ibadan. Sau da yawa yarinya takan bar aji saboda talla, ko aure, ko haihuwa, shi ke nan kuma ba mai sake yi mata zancen littafi. Ba cewa ake yi kowace yarinya ta zama 'yar wasa ba. Maganar ita ce, haihuwa ba ta toshe basira, watsi da yarinya ke toshe ta.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa, da malamai, da iyaye, da mazaje su haɗa kai su buɗe ajujuwan yamma don irin waɗannan mata, gwamnatocin jihohi kuma su taimaka da malamai. Lalle wanda ya baro gida don neman na kansa ya fi kowa sanin cewa ana iya sake farawa. Kada a hana 'ya'ya mata wannan dama.