RA'AYINMU: Mai Kujera Ya Koyi Durƙuso

A kowace shekara, daren Alhamis ɗin da ke gaban bikin Ista, maƙwabtanmu mabiya ɗarikar Katolika na yin wani abu a cocinsu wanda ya dace duk mai riƙe da kujera ya tsaya ya duba. Limamin da ke jagorantar ibada kan tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura tawul, ya ɗauki kwano da ruwa, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum 12 daga cikin mabiyansa. Suna yin haka ne don tunawa da abin da Linjilar Yohanna, sura ta 13, ta ce Yesu Almasihu ya yi wa almajiransa, a zamanin da wanke ƙafar baƙo aikin bawan gida ne. A Linjilar Markus kuma, sura ta 10, almajirai biyu, Yakubu da Yohanna 'ya'yan Zabadi, sun nemi a ba su manyan kujeru, sai ya nuna masu cewa a wajensa girma na wanda ya fi kowa yi wa mutane hidima ne.

Mun san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Abin da ya sa muka ɗauko ta daga koyarwar Kirista shi ne, a nan kusa da mu, a Jamhuriyar Benin inda da yawanmu ke saro kaya daga Kwatano zuwa Malanbil, an taɓa gwada ta a aikace, kuma ta ceci ƙasa.

Dattawan kasuwa ba su manta 1989 ba. Bankunan gwamnatin Benin sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, malamai da ɗalibai suna yajin aiki, ciniki ya tsaya. Janar Mathieu Kérékou, wanda ke mulki tun juyin mulkin 1972, ya ga babu mafita sai ya kira babban taron ƙasa. Wakilai kusan 500 suka zauna a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990, ana watsa zaman a rediyo, kuma suka zaɓi wani limamin Katolika ɗan garin Wida, Monsenyer Isidore de Souza, ya shugabance su. Ba shi da soja, ba shi da jam'iyya. Abin da yake da shi shi ne haƙurin sauraren kowa, har da masu ɗaga masa murya. Da taron ya ce hukuncinsa ya hau kan gwamnati, aka shiga fargabar sojoji za su tarwatsa shi, shi ne ya riƙa shiga tsakani, yana lallashin wakilai su bar zancen ramuwa, yana lallashin shugaban ƙasa ya bar zancen ƙarfi. Ranar rufe taro Kérékou ya karɓi duk abin da aka yanke.

Daga nan de Souza ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya, aka amince da sabon tsarin mulki a Disamban 1990, aka yi zaɓe a Maris ɗin 1991, Nicéphore Soglo ya ci, Kérékou ya sauka. Limamin bai mai da wannan daraja tsanin hawa mulki ba. Da aka kafa Kotun Tsarin Mulki a 1993 ya miƙa ragowar aikin, ya ci gaba da hidimar cocinsa har rasuwarsa a 1999.

Sai dai kada a ɗauka rigar limanci ce ta yi aikin. Togo ma ta yi nata taron a 1991, kuma bishop ne, Philippe Kpodzro, ya shugabance shi, amma kafin shekarar ta ƙare sojoji sun afka wa fadar firaministan riƙon ƙwarya da manyan makamai. Bambancin shi ne a Kwatano mai bindiga ma ya yarda ya sunkuya. Kuma bai yi asara ba, domin talakawan da suka kayar da shi a 1991 su suka sake zaɓensa a 1996, ya sauka a 2006 da wa'adinsa ya cika. Gaskiyar Bahaushe da ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

To, ina ruwan mai sai da albasa ko atamfa da wannan tarihi? Ruwansa shi ne kowace kasuwar kan iyaka tana da nata shugabanni: sarkin kasuwa, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, shugabannin direbobi da na 'yan kamasho, har da sarkin zango mai karɓar baƙi. Su ke karɓar kuɗin ƙungiya duk ranar kasuwa, su ke shiga ofishin duwan da na jandarma da sunanmu, su ke raba rumfuna bayan gobara. A 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar, kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, kuɗin dako ya hau, ƙananan 'yan kasuwa da dama jarinsu ya karye. A irin wannan lokaci ake gane shugaban da ya fara tambayar yadda mai buhu biyu zai ƙetare, da wanda ya fara neman hanyar fitar da tirelarsa.

Wani zai ce wanke ƙafa sau ɗaya a shekara ai kowa zai iya, gobe kuma ya koma kujerarsa ya harɗe. Haka ne, kuma shi ya sa mu a wannan jarida ba mu auna tawali'u da taushin murya ko yawan gaisuwa. Muna auna shi da abu uku da kowa zai iya gani da idonsa. Na farko, shugaba ya yarda a karanta lissafin kuɗin ƙungiya a bainar jama'a, aƙalla sau biyu a shekara, jikka nawa ta shigo, jikka nawa ta fita, kuma kada ya ɗauki mai tambaya a matsayin maƙiyi. Na biyu, ƙofarsa ta kasance a buɗe ga mai tallan goro da matar da aka kama wa kaya kamar yadda take buɗe ga alhaji mai shaguna goma. Na uku, wanda ya fi wuya, ya san ranar saukarsa tun ranar hawansa. Kujerar ƙungiya amana ce mai wa'adi, kuma bai dace ta zama gadon gida ba.

Mu ma mabiya da namu laifin. Mu ke yi wa shugaba kirari idan ya shigo da sabuwar mota, mu kuma raina wanda ya zo a ƙafa ya zauna tare da mu a kan benci. Muddin muna saka wa girman kai da tafi, to shi za mu ci gaba da girba, alhali mun san girman kai rawanin tsiya ne.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin kasuwanninmu da su rubuta wa'adin shugabanci da ranar karanta lissafi a cikin dokokinsu, su kuma yi aiki da su. Muna kira ga limaman masallatai da na coci da su riƙa tuna wa masu kujera wannan darasi, su fara da kansu. Ga 'yan kasuwa kuwa, idan zaɓen ƙungiya ya zo, a duba wanda ya taɓa bin ɗan uwansa zuwa ofishin duwan ba tare da ya nemi kamasho ba, shi za a ba kujerar.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa, ya kawo albarka a kasuwanninmu, amin.