Kasafin Kuɗi Alƙawari Ne: Darasi Daga Rasha da Istoniya

Masu iya magana na cewa alƙawari kaya ne. A ganina, mai karatu, kasafin kuɗin gwamnati ba wani abu ba ne illa alƙawarin da hukuma ke ɗauka cewa ga abin da za ta tara, ga kuma inda za ta kashe shi. Ƙasashen da suka sauya sheƙa daga tsarin gurguzu zuwa tsarin kasuwa sun koyi wannan darasi da kyar, musamman Rasha da Istoniya waɗanda suka fito daga Tarayyar Sobiyet bayan rugujewarta a shekarar 1991.

A zamanin Sobiyet, hukumar tsare-tsare ta Gosplan ce ke yanke abin da kowace masana'anta za ta ƙera, bankin gwamnati na Gosbank kuma ya riƙe asusun kowa. Kasafi yana bin bayan tsari ne kawai. Da wannan gini ya rushe, sai aka wayi gari gwamnati ba ta san adadin kuɗin da ke hannunta ba, balle inda suke.

A Rasha, an kafa baitulmalin tarayya tun 1992, amma shekaru da dama kuɗin hukuma na kwance a wasu bankunan 'yan kasuwa masu uwa a gindin murhu, suna juya su. Majalisa kan amince da kasafin da aka kumbura kuɗin shigarsa, in shekara ta raba sai a rasa abin biya. Malaman makaranta da likitoci da 'yan fansho suka riƙa bin bashin watanni. Manyan kamfanoni suka koma biyan haraji ta hanyar ba ni gishiri in ba ka manda. A watan Mayu na 1998 masu haƙar kwal suka tare layin dogon Sibiriya saboda albashinsu, a watan Agusta kuma gwamnati ta kasa biyan bashin da ta ci a cikin gida, darajar kuɗin ƙasar ta faɗi warwas. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Bayan wannan wuya ne aka gyara. Dokar kasafi da aka zartar a 1998 ta fara aiki a shekarar 2000, aka tattara kuɗin tarayya ƙarƙashin baitulmali. A 2004, lokacin da Alexei Kudrin ke ministan kuɗi, aka buɗe asusun adana rarar kuɗin man fetur, har ƙasar ta biya bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2005 tun wa'adi bai cika ba.

Istoniya kuwa tun da fari ta ɗaure hannun kanta. A 1992 ta fito da kuɗinta, ta jingina darajarsa da ta Jamus, takwas a kan ɗaya, ta kuma haramta wa babban bankinta bai wa gwamnati rance. Ma'ana, babu buga kuɗi don cike giɓi. A 1994 gwamnatin Mart Laar ta kawo harajin bai-ɗaya na kashi 26 cikin ɗari, mai sauƙin lissafi da karɓa. Ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta karɓi kuɗin yuro a 2011.

Wani zai ce ai talaka ne ya ɗauki nauyin wannan tsuke bakin aljihu. Gaskiya ne. A 2009 gwamnatin Istoniya ta rage albashin ma'aikata, rashin aikin yi ya yi tsanani. To amma ni dai gara a gaya mini gaskiya cewa abin da za a ba ni ya ragu, da a rubuta mini albashi cikakke a takarda in yi wata shida ban ga ko sisi ba.

Sai dai tattara kuɗi wuri ɗaya rabin aiki ne. Rasha ta san inda kuɗinta suke, amma majalisarta ta zama 'yar amshin shata, wani babban kaso na kasafin kuma sirri ne. Bayan ta auka wa Yukiren a 2022, hukuma ta ɓoye bayanai da yawa kan yadda ake kashe kuɗi. Baitulmalin da ba a sa masa ido, ya zama aljihun mai mulki.

Don haka nake ganin gyaran kasafi ƙafa biyu gare shi: gaskiya wajen ƙiyasin kuɗin shiga tare da asusu guda, sannan majalisa da masu binciken kuɗi da 'yan jarida masu ikon tambaya. Mu ma nan Nijeriya an tilasta wa ma'aikatun tarayya shiga asusun bai-ɗaya a 2015. Wannan ƙafa ɗaya ce. Ta biyun tana wuyanmu, mu ɗalibai, mu koyi karanta kasafi, mu riƙa tambayar ina aka kwana. Allah Ya sa mu dace, amin.