Ɓuntun Shinkafar Lau: Wa Zai Riƙe Lissafi?

Jama'a, duk wanda ya san Lau ta Jihar Taraba, a bakin kogin Binuwai, ya san ƙasa ce ta shinkafa da rake. Idan aka casa buhu biyar na shanshera, nauyin kusan buhu guda ɓuntu ne, kuma galibi ƙone shi ake yi a banza. Alhali kuwa a Jihar Bihar ta Indiya, kamfanin Husk Power Systems ya yi amfani da irin wannan ɓuntu ya kai wa ƙauyuka lantarki, kamar yadda masana'antun sukari na Barazil ke samun wuta daga tuƙar rake. Dokar lantarki ta 2005 ba ita ke aiki ba yanzu. Ta 2023 ta bai wa jihohi ikon shirya kasuwar wutarsu, saboda haka hanya a buɗe take.

To, amma ranar da shara ta zama kuɗi, ranar ce 'yan kamasho za su taso. Manomi ya kai buhu goma, a rubuta masa bakwai, wa zai yi masa shaida?

A nan ne fasahar bulokcen za ta yi rana, wadda gwamnatin tarayya ta amince da manufar aiki da ita a 2023. Littafin lissafi ne da ke cikin kwamfutoci masu yawa lokaci guda, kowane shafi a ɗaure da na bayansa kamar sarƙa. Da zarar an shigar da nauyin kaya da sunan mai shi da ranar biya, ba mai iya gogewa a ɓoye. Manomi da direba da masana'anta duk lissafi ɗaya za su gani.

Sai dai a yi hattara. Littafin ba ya duba sikeli. Idan aka ba shi ƙarya, ƙaryar zai adana har abada. Wajibi ne ƙungiyoyin manoma su sa idonsu a wurin awo, kuma saƙon shaida ya riƙa zuwa da Hausa ta ƙaramar waya.

Sannan kada a manta, kara da harawa abincin shanu ne. Lau ta ɗanɗana rikicin manoma da makiyaya a 2018. A kai ɓuntu injin wuta, a bar wa dabbobi rabonsu, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.