Jarrabawar Hajiya Kaka: kuka gari ce ko bishiya?

 Zulhajji ya zo gangara, alhazai sun fara watsewa, titin Ibrahim Khalil ya ɗan samu numfashi. Ni ma na dawo Misfala hutu daga makaranta, ina ta hura hanci wai na cinye jarrabawar ƙarshen shekara. Ashe wata jarrabawar na jira na a tsakar ɗakin kakata.

Kun san al'ada, duk Hajji sai 'yan uwa daga gida sun zo da tsaraba: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, zoɓo, tsamiya. Ran nan bayan Isha'i Hajiya Kaka ta baje ƙulle-ƙullen nan a kan tabarma, ta tara mu jikoki, ta dube ni ta ce, "Kai maigidan, tunda an ce ka yi boko har ƙasar waje, faɗa min, kukar nan daga ina ta fito?"

Na ce, "Daga Kano mana, Hajiya."

Dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba garin take tambaya ba, uwar take nufi. Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Shekara 22 ina shan miyar kuka, ban taɓa tsayawa gindin kuka ba. A wurina kuka gari ce koriya a cikin leda, khalas.

To ga tambayoyin da ta yi mana, ku ma ku gwada. Ban da leƙa amsa, ban da tambayar Umma.

1. Wane ɓangare na kuka ake dakawa a yi miya?
2. Karkaden da muke sha da azumi, mene ne sunan shukarsa da Hausa?
3. Daga 'ya'yan wace bishiya ake yin daddawa?
4. Mulukiyya da bamiya, ya sunansu a gida?
5. Bishiyoyin da alhazai ke fakewa ƙarƙashinsu a Arfa, ya ake kiransu da Hausa, kuma ina ne asalinsu?
6. Sidir, wanda ake tsadar zumarsa a kasuwa, wace bishiya ce a wurinmu?

Ga amsoshin. Ta 1, ganye ne ake shanyawa a daka, kuma bishiyar na iya haura shekara 1,000 a raye. 'Yan Sudan na ce mata tabaldi. Ta 2, yakuwa ce: ganyenta a yi miya ko fate, jan kwanson da ke rufe 'ya'yanta shi ne zoɓo. Ta 3, ɗorawa, kuma ƙwayar da ake dafawa a rufe ta ruɓa sunanta kalwa. Ta 4, lalo da kuɓewa. Ta 5, darbejiya, wasu su ce dogon yaro, wasu maina. Asalinta ƙasar Indiya, a zamanin Turawa ta bazu a ƙasar Hausa. Ta 6, kurna, ita da 'yar uwarta magarya.

Ni 2 na ci cikin 6. Ƙanwata 1. Wanda ya fi mu duka shi ne wani ɗan baffanmu da bai gama sakandare ba, don shi ya taɓa yin damina guda a ƙauyen su Hajiya.

Na san abin da wasunku za su ce: ya'ani laifinmu ne? An haife mu tsakanin duwatsu da siminti, garin da tun fil azal ba a san shi da noma ba. Lambun da muka sani shi ne in an hau Ɗa'ifa a ga wardi da rumman da inabi. Gaskiya ne, ba laifinmu ba ne. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, tambayoyi 3 cikin 6 ɗin nan na san abin sarai, da Larabci kawai na san shi. Sunan Hausar ne ya ɓace min. Kuma Hajiya ta haura 80. Ranar da babu ita, wa zai faɗa wa 'ya'yanmu cewa karkade da yakuwa abu ɗaya ne? Wa zai ce musu ganyen magarya ake sa wa a ruwan wankan mamaci, ko saiwar da muke goge haƙori da ita ana ce mata asuwaki?

Amsa ta 5 ce ta ba ni ƙwarin gwiwa. Darbejiya baƙuwa ce a Katsina, baƙuwa ce a Arfa, amma duk inda aka dasa ta sai ta kama, ta ba mutane inuwa. Ba mu da nisa da ita.

Don haka na yanke shawara. Na samo gwangwanayen madara 3, na zuba ƙasa, na ajiye su a saman bene inda rana ba ta cika duka ba. Ɗaya yakuwa, ɗaya kuɓewa, ɗaya zogale. Hajiya ta ce in dai na iya ba su ruwa safe da yamma ba tare da an tashe ni ba, ta yarda na yi ilimi. In na koma makaranta ƙanwata ce za ta karɓi aikin, mun riga mun yi ciniki.

Ku ma kafin Muharram ya kama, ku zauna da tsohuwar gidanku, ku buɗe ledojin tsarabar nan ɗaya bayan ɗaya ku tambayi sunan uwar kowanne. Sannan ku aiko min da makin da kuka ci, amma don Allah ban da ƙari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.