Rumbun Kwamfuta: A Auna Kafin A Yarda



Mai sayen riɗi ran Alhamis a Maigatari, ai sai ya zura hannu har gindin buhu. Haka muke so a yi wa rumbun ajiyar kwamfuta, wato hadi-dis.

Akwai na jabu. An rubuta 2TB a jikinsa, kuɗinsa kuwa bai kai na 500GB ba. Kwamfuta ma ta nuna 2TB, alhali ɗan mimori ne a ciki. Da ya cika yakan shafe na farko, lissafin bashi da hotunan iyali su salwanta.

Shawararmu, in ka je Farm Centre a Kano, ku yi sharaɗi da mai shago: za ka gwada da manhajar H2testw, in ya gaza ka mayar. In na hannu ne, CrystalDiskInfo na nuna awa nawa ya yi aiki. Mai 1TB na gaskiya yakan nuna 931GB a Windows. Wannan ba ha'inci ba ne, bambancin mudu ne.

Gara 500GB na Seagate ko Toshiba da 2TB marar suna. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.