Wake Ɗaya Shi Ke Ɓata Gari

A cikin watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya zuwa ƙasashenta. Da farko hanin na shekara guda ne, amma a 2016 aka ƙara masa shekara uku. Wannan kuwa abin kunya ne gare mu, gama babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, kuma yawancinsa daga gonakin Arewa ya ke fitowa. Dalilin hanin shi ne maganin ƙwarin nan da mu ke kira fiya-fiya, wanda waɗansu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwari su ci shi a ajiya. Dokar Turai ba ta yarda a sami fiye da miligiram 0.01 na wannan guba a cikin kilo ɗaya ba, watau kashi ɗaya cikin miliyan ɗari. A waɗansu buhunan namu an sami har miligiram 4.6, ninki 460 ke nan.

To, mu tambayi kanmu, waken da Bature ya ƙi, wa ke cin irinsa? Mu ne da 'ya'yanmu, a cikin ƙosai da alale da shinkafa da wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 91 ke kwantawa ciwo a Afirka saboda gurɓataccen abinci, 137,000 daga cikinsu kuwa ba su tashi. Ashe maganar ta wuce hasarar ciniki, ta kai ga rai.

Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin En'e. Ya kan zaga mahauta da kasuwa da sassafe, in ya ga ruɓaɓɓen nama ya sa a binne, in ya ga randa da tsutsa ya kai maigida gaban alkali. Ya yi aikinsa gwargwadon kayan aikin da ya ke da su, watau ido da hanci. Amma ido ba ya ganin kashi ɗaya cikin miliyan ɗari. Waken da ya sha guba ma ya kan fi kyan gani, domin ba huda ko ɗaya a jikinsa. Na'urar ɗakin gwaji ce kaɗai ke iya tona asirinsa.

Abin da ya kamata mu lura da shi a wajen Turawa shi ne yadda suka haɗa na'ura da rubutu. Tun 1979 suka kafa hanyar sanar da juna cikin gaggawa, in ƙasa ɗaya ta kama mugun abinci a tashar jirginta, nan da nan labari ya kai ga sauran. Sa'an nan dokarsu ta 2002 ta tilasta wa kowane mai cinikin abinci ya san wanda ya sayar masa da kaya, ya kuma san wanda shi ya sayar wa. Saboda haka in aka sami guba a kanti, sai a bi sawu da baya, hannu zuwa hannu, har a isa inda ɓarnar ta faro.

Mu a nan fa? Buhun wake ya kan taso daga kasuwar ƙauye, ya faɗa hannun dillali, a juye shi cikin waken wani gari, ya kwana watanni a sito, kana ya isa Dawanau a Kano, daga can kuma a yi Ikko da shi. Babu takarda ko ɗaya da ke biye da shi. In an kama guba a ƙarshen tafiya, ba wanda zai iya nuna hannun da ya zuba ta. Don haka ne laifin mutane kaɗan ya shafi manoma dubbai waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Ra'ayinmu shi ne Gwamnati ta sa doka kowane tarin wake da hatsi da gyaɗa mai shiga babbar kasuwa ya zo da lambarsa a jikin buhu. A ƙarƙashin lambar nan a shigar, ta wayar hannu, da sunan kasuwar da aka saye shi, da ranar, da siton da ya zauna, da maganin da aka sa masa in an sa. A kafa ɗakunan gwaji kusa da manyan kasuwanni, abin da aka samu kuwa a sanar da dukan jihohi ran nan. Ta haka hukunci zai sauka a kan mai laifi kaɗai, mai gaskiya kuwa ya sami shaidar da zai nuna wa mai saye.

Mun san akwai masu cewa wannan aikin Turai ne, mutanenmu ba za su iya ba. Muna tuna musu da cewa tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da dabarar kankare lamba a jikin kwalin magani, mai saye ya aika da ita ta waya, a amsa masa nan take ko maganin na gaske ne. Talakawa sun koya, ba wanda ya shiga aji dominta. Waɗansu kuma su ce, in an hana fiya-fiya ai ƙwari za su cinye waken. Wannan kuka yana da gaskiya, amma akwai maganinsa. Buhun nan mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, wanda aka soma bazawa a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne a cikin buhu guda. In an ɗaure bakinsu tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Lalle ne hukumar da ta hana guba ta tabbata buhun nan yana samuwa a kasuwannin ƙauye da farashin da manomi zai iya biya.

Yanzu maganarmu ta zo gare ku, malaman ofis da malaman makaranta. Kwamfuta ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa. In akawu ya karɓi na goro ya rubuta an gwada buhun da ba a gwada ba, na'urar za ta watsa ƙaryar nan ko'ina cikin ƙiftawar ido, kuma da hatimin hukuma a kanta. Ran da aka gano haka a waje, lambarmu ba za ta sake yin daraja ba, sai mu koma inda muka tsaya a 2015 bayan mun kashe kuɗi masu yawa. Duk tsarin nan a kan amanar mai rubutu ya dogara.

Mu da ke aikin ilmi ma akwai namu kason. Ɗaliban da ke kwalejojin horon malamai yau su ne za su koyar da 'ya'yan manoma da na dillalai gobe. Ya kamata darasin lissafi ya haɗa da awo da tsare littafin shiga da fita, darasin tsabta ya bayyana abin da gubar ƙwari ke yi wa jikin mutum, a kuma gwada ajiyar wake cikin buhu mai riɓi uku a gonar makaranta, yara su kwance shi da hannunsu bayan wata shida su gani. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai kai labari gida, mahaifinsa kuwa ya fi saurin jin maganarsa da ta baƙon ma'aikaci.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna roƙon hukumomi su fara da kasuwa ɗaya da amfanin gona ɗaya, su ga inda ya yi kyau da inda ya cije, kana su faɗaɗa. Kafin nan kuwa, kowane shugaban makarantar kwana ya tambayi mai kawo masa wake inda ya saye shi da yadda aka ajiye shi, ya rubuta amsar a littafi, tun daga buhun da za a kawo masa a wannan zango.