Ciwon ƙafa da ƙarin horon malaman asibiti a Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas ƙafa ita ce jarin talaka. Da ita yake bin kunyar gero, da ita yake shiga fadamar rake, da ita yake cin kasuwar Maigatari. Amma a gidajen likita ciwon ƙafa ya zama na baya ga dangi.

Dalilin a fili yake. Tun 2005 da ƙungiyar MSF ta fara aiki a Magarya, ƙarfi ya karkata ga yara masu tamowa da zazzaɓin sauro, kuma hakan daidai ne. Sai dai cututtukan manya sun sake kama. A 2013 hukumar OMS ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Maganin kuturta kyauta ne tun 1995, amma ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya tada jijiyar da ta riga ta mutu. Ga kuma ciwon sukari, wanda shi ma yake kashe jin ƙafa. Mutum ya taka ƙaya bai sani ba, wurin ya zama gyambo, a kai shi ga wanzami, kafin a isa babban asibitin Damagaram sai maganar yankewa.

Abin da malamin asibiti yake bukata ba shi da tsada: ya sa majinyaci ya tuɓe takalmi, ya taɓa tafin ƙafa da ɗan zaren roba mai nauyin giram 10, ya laluba bugun jini, ya kankare kanta, ya san gyambon da ya fi ƙarfinsa. Ya kuma koya wa mai ciwo duba tsakanin yatsu bayan kowace alwala. Wanda ya bar makarantar lafiya ta Damagaram shekaru goma da suka wuce, in ba a tuna masa ba, hannu yakan manta.

A Tanzaniya da Indiya, tun 2004, an horar da likita da mataimakinsa tare na ƴan kwanaki, aka sake kiransu bayan shekara, yanke ƙafa ya ragu a Darussalam. Nan gida ma asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana jinyar ƙafar da ba ta jin zafi.

Ya kamata hukumomin lafiya su kawo irin wannan horo cikin Magarya da Dungas, wadda ta samu gashin kanta a 2011, kuma da rani, domin da damina ta sauka zazzaɓi ba ya barin ma'aikaci ko ɗaya ya bar wurin aikinsa.